Sandar Sitiyari Ba Ta Son Walda

Idan aka ce yau a bi unguwar nan gida-gida a ƙirga masu ci daga sitiyari, za a sha mamaki. Akwai masu koren tasi, akwai masu ɗaukar fasinja da motar gida daga Nyanya zuwa Berger da Area 1, akwai direbobin ofisoshi da na gidajen manya a Maitama da Asokoro, akwai masu dogon zango zuwa Kaduna da Kano da Lakwaja, ga kuma masu a-kori-kura da ke jigilar siminti da katako daga Dei-Dei. Tun da aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, aka biyo baya da hana ƙananan bas-bas a 2013, ƙaramar mota ta zama gonar da yawa daga cikinmu. Mun baro garuruwanmu mun zo ƙasar Gbagyi neman halaliya, kuma kuɗin haya da na makarantar yara da ɗan abin da ake aika wa tsofaffi a gida, mafi yawansu daga bayan sitiyari suke fitowa.

Direban unguwar nan ya san motarsa kamar yunwar cikinsa. Da jin ƙarar inji zai gaya maka fulogi ne ko baƙin mai ne ya tsufa. Ya san ranar da ya sa taya, ya san lokacin da birki ya fara cin ƙarfe. Amma akwai wani ƙarfe guda da ke gabansa tun asuba har bayan isha'i, tsakanin gwiwoyinsa, saitin ƙirjinsa, wanda da wuya ka sami wanda ya taɓa cire murfin roba ya leƙa shi. Shi ne sandar sitiyari, wadda kanikawa ke kira kolom. Mun sha zuwa gaisuwar rasuwa a unguwar nan, a tambayi yadda abin ya faru, a ce, "Ai sitiyari ne ya danne masa ƙirji." Sai a yi salati, a yi addu'a, a tashi. Ba mu taɓa jin wanda ya tambaya ko sitiyarin ya yi abin da aka ƙera shi ya yi ba. Wannan tambayar muke son mu ɗauko a wannan fitowar.

Bari mu fara da ita sandar kanta. Kambun da muke riƙewa ba shi ke juya taya kai tsaye ba. A bayansa akwai sanda ta ƙarfe da ke juyawa cikin wani bututu, shi kuma bututun an ɗaure shi da notina a ƙarƙashin dashbod. Sandar tana gangarawa ta gefen fedar birki, ta haɗu da wata gajeriyar sanda ta hanyar gaɓa mai lanƙwasawa ta kowane ɓangare, irin wadda ke jikin farfela, sannan ta ratsa bangon da ya raba ɗakin inji da wurin zama, ta sauka kan rak. Rak ɗin ne ke tura tayarod hagu ko dama, taya ta bi. Ke nan duk abin da hannun direba ya nufa, ta wannan sanda yake bi kafin ya isa kwalta. Birkin motocin yanzu layi biyu gare shi, in ɗaya ya fashe ɗayan zai ɗan riƙe. Fitila biyu ce. Taya ma akwai safaya a but. Sandar sitiyari kuwa ita kaɗai ce, ba ta da 'yar'uwar da za ta karɓe ta in ta gaza.

Kuma ba juya taya kaɗai take yi ba. A jikinta ake maƙala wurin sa makulli, tare da ɗan harshen ƙarfen da ke kulle sitiyari idan an zare makullin. A jikinta hannun sigina da na waifa suke. A bayan kambu akwai wata siririyar waya mai faɗi da aka naɗe kamar zaren kaset, ita ke kai wuta ga hon da jakar iska, tana warwarewa tana naɗewa yayin da ake juya sitiyari. A motocin baya-bayan nan, irin Corolla ƙirar 2009 zuwa sama, har injin lantarkin da ke sauƙaƙa juyawa a jikin sandar yake, shi ya sa ba za ka ga tulun man sitiyari a cikinsu ba.

A motocin da, wannan sanda guda ɗaya ce miƙaƙƙiya, tun daga akwatin sitiyari da ke can gaba kusa da taya har zuwa ƙirjin direba. Idan aka yi karo gaba da gaba, gaban mota yana lotsewa ya turo sandar ciki, shi kuma direba jikinsa yana ci gaba da tafiya da gudun da motar take yi, sai su haɗu a tsakiya. Mashi ke nan aka saita wa mutum. Kada a raina gudun cikin gari: wanda ya daki bango yana tafiyar kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, wajen bene hawa uku. In gudun ya kai 100, tsayin ba ninki biyu yake zama ba, ninki huɗu ne. A shekarun 1950 da 1960 likitoci a Amurka sun yi ta ganin direbobi da karyayyen ƙirji, har wani lauya mai suna Ralph Nader ya fitar da littafi a 1965 yana zargin kamfanonin mota da fifita ado a kan ran mutum. A 1966 aka yi dokar lafiyar motoci a ƙasar. Kamfanin General Motors ya sa sanda mai naɗewa a motocinsa ƙirar 1967, daga 1968 kuma ta zama dole a kan duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a Amurka. Ƙa'idar da suka kafa ita ce, in mota ta daki bango da gudun kilomita 48 a awa, kada sandar ta matso wajen direba fiye da inci 5. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta yi bitar wannan gyara a 1981, ta ƙiyasta cewa yana tsirar da rayuka kimanin 1,300 a kowace shekara.

To yaya take naɗewa? Ku tuna eriyar rediyo, yadda bututu ke shigewa cikin bututu. Haka aka yi sandar: kashi biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an riƙe su da wasu 'yan ƙananan ƙusoshin roba ko makamancinsu, waɗanda suka isa su riƙe ta a tuƙin yau da kullum, amma da an yi mata mugun duka sai su tsinke, sandar ta shige cikin kanta. Maɗaurin da ya riƙe bututun a ƙarƙashin dashbod shi ma an yi shi ne ya saki idan ƙirjin direba ya tura kambu da ƙarfi, don sitiyarin ya ja da baya maimakon ya tsaya ƙyam. Gaɓoɓin ƙasa kuma suna lanƙwashewa su karkatar da turin da ke zuwa daga inji. Wato raunin da ke jikin sandar nan da gangan aka sa shi. Tunani ne irin na wani injiniyan kamfanin Mercedes mai suna Béla Barényi, wanda a farkon shekarun 1950 ya yi rajistar dabarar gaban mota mai lotsewa: gara ƙarfe ya sha dukan, mutum ya fita. Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda Volvo ta fara sawa a 1959, da jakar iska da ta zo daga baya, da wannan sanda, aiki ɗaya suke yi tare. 'Yan Rod Sefti sun fara tilasta ɗaura bel tun watan Janairun 2003, kuma kowa ya san tarar. Amma babu jami'in da zai tsayar da kai ya leƙa ƙarƙashin dashbod. Wannan ya rage tsakaninka da bakanikenka.

Ga yadda abin ke lalacewa, kuma duk wanda ya zauna a gareji ya ga irinsa. Mota ta fara ƙwanƙwasa a sitiyari, ko hon ya daina yi, aka kai ta. Ana son cire kambu, babu abin zaro shi na musamman da ake ɗaurawa a murɗa a hankali, sai yaro ya ɗauko guduma ya riƙa dukan kan sandar har kambun ya saki. Littattafan gyara na kamfanonin mota sun hana wannan dukan ƙarara, don shi ne ke tsinka ƙusoshin robar nan. An mayar da komai, sai ga sitiyari yana wasa fiye da da, ana jan sa yana ɗan biyo hannu. Daga nan sai a kira mai mota.

"Alhaji, kolom ɗin nan fa ya gaji. Ko dai a nemo Beljiyam a Apo ko Zuba, ko kuma a ɗan taɓa masa walda."

"Wanne ya fi sauƙi, Oga?"

"Ai walda yanzu-yanzu ne, kafin ka idar da la'asar an gama."

Aka taɓa walda. Sitiyari ya yi tsam, babu wasa, babu ƙara, mai mota ya tafi yana sa albarka. Abin da bai sani ba shi ne, an mayar da motarsa shekara sittin baya. Kashi biyun da aka yi don su shige cikin juna sun zama ƙarfe ɗaya, mashin nan ya dawo. Akwai kuma haɗari na biyu. Wutar walda tana canza ƙarfin ƙarfe a gefen ɗinkin, ita kuma sandar nan murɗa ta ake yi hagu da dama sau dubbai a yini, ga girgizar ramuka. Tsaga tana farawa ƙarama, ido ba ya ganinta, tana ci a hankali, ranar da za ta ƙarasa ba ta sallama. Haka abin yake idan haƙoran da gaɓar ƙasa ke kamawa suka cinye, aka ƙi canza ta, aka liƙe da walda a maimakon notin da ke matse ta. Wanda sandarsa ta rabu a kan gudu, kambu zai riƙa juyawa a hannunsa kamar faifai, taya kuma ta tafi inda ta ga dama.

Kada wani ya ce wannan matsalar rashin gwaninta ce ta masu waldar bakin titi. A ranar 1 ga Mayu, 1994, a filin tseren Imola da ke Italiya, Ayrton Senna ɗan ƙasar Brazil, wanda sau uku yana zama zakaran tseren mota na duniya, ya saki hanya a wata kwana ya daki bango, ya rasu yana da shekara 34. Da aka duba motar sai aka tarar sandar sitiyarinta a karye, daidai wurin da aka yanka ta aka yi mata ƙari da wani siririn bututu aka yi walda, don a gyara masa zaman kambun yadda yake so. An yi shekaru ana shari'a. A 2007 kotun ƙoli ta Italiya ta tsaya a kan cewa karyewar sandar ce ta jawo haɗarin, saboda gyaran da aka yi mata bai yi kyau ba, ko da yake wasu injiniyoyin motar suna da ja a kan ko kafin karon ta karye ko bayansa. Ko ma wanne ne, tsagar tana wurin ɗinkin. Waɗannan fa mutane ne masu kayan aiki na miliyoyin daloli da injiniyoyi na ji da gani. In ɗinki a sandar sitiyari ya ba su kunya, ina ga wanda aka yi a kan benci, da wutar janareta, mai mota na tsaye yana cewa a yi sauri?

Wuri na biyu da walda ke shiga sandar sitiyari shi ne juyen hannu. Dattawanmu suna tuna ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma hannun dama, don ta dace da maƙwabtanta Nijar da Dahomey da Chadi da Kamaru. Wata tara bayan nan aka yi canjin kuɗi, naira ta maye gurbin fam. Saliyo ta riga mu a 1971, Ghana ta biyo baya a 1974. Tun daga lokacin sitiyarin motar Nijeriya ya koma hagu, kuma Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 a haka ta fito. Dalilin a fili yake: mai tuƙi a hannun dama yana bukatar ya zauna kusa da tsakiyar titi don ya hango abin da ke tafe kafin ya wuce wata mota. Wanda sitiyarinsa ke dama, sai ya fitar da rabin motarsa kafin ya ga gabansa, a hanya irin ta ƙauyukan da ba ta da tagwaye kuwa wannan caca ce da rai. Shi ya sa dokokin hanya na ƙasa suka hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista.

Amma Japan da Ingila har gobe a hagu suke tuƙi, kuma tsofaffin motocinsu suna da araha. Sai a shigo da su, wasu ma a yayyanke a matsayin kayan gyara, a haɗa su a nan, a juya hannun. Da yawa daga ƙananan bas-bas da a-kori-kura irin su Hijet ta wannan hanyar suka zo. Juyen hannu na gaskiya babban aiki ne: sai an canza rak gaba ɗaya da na hannun hagu, an matsar da fedoji da tukunyar birki, an canza dashbod da wayoyi da waifa, har fitilun gaba, don na can haskensu wajen hagu yake karkata, a nan kuwa idon mai tahowa zai riƙa shiga. Wanda zai yi duk wannan da kayan asali, ribarsa ta tafi. Saboda haka mai son araha sai ya huda sabon rami a bangon inji, ya ƙera maɗauri da guntun ƙarfe, in sanda ta gaza a yi mata ƙari, in ta yi tsawo a rage, duk da walda. An shafa fenti, an shimfiɗa kafet, mota ta fito tana ƙyalli a bakin titi.

Mai sayen mota zai iya gane juyayyiya in ya natsu. A duba wajen da waifa ke kwanciya da inda take sharewa: in ta fi share gaban fasinja ta bar kusurwar gaban direba, akwai magana. A nemi abin buɗe bonet, in yana ƙarƙashin ƙafar fasinja, nan direba yake zama a da. A motocin Japan hannun sigina yakan kasance a dama, waifa a hagu. A bas, in ƙofar fasinja mai zugewa tana ɓangaren hagu, wato wajen da motoci ke wucewa, ba a yi ta don titinmu ba. Sannan a ɗaga kafet, a haska tocilar waya a bangon da ke bayan fedoji ta ɓangarorin biyu. Tabon walda da toshesshen rami ba sa ɓuya. Wannan duk bai fi aikin minti goma ba, kuma dillalin da ya hana ka yi, ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta ƙaru tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ita ma da wannan sandar take da alaƙa. Wanda ke bin hanyar AYA zuwa Nyanya da yamma zai ji wasu motoci sun yi tsit a gangaren Kugbo: an kashe inji ana gangarawa don a rage shan mai. Da an kashe inji, taimakon da ke sa sitiyari laushi ya tafi, birki ma in ka taka sau biyu ko uku sai ya zama dutse, a motoci da yawa kuma jakar iska ba ta aiki in makulli na kashe. Mafi muni, in hannu ya zarce da makullin zuwa matakin ƙarshe, ko tsohon makulli mai sako-sako ya zare, harshen ƙarfen nan da muka ambata zai iya faɗawa cikin sandar ya kulle ta a kwanar farko. An yi shi ne don ɓarawo, bai san mai mota ba. Man da aka tsira da shi a wannan gangaren bai kai kofin shayi ba, ga mutum biyar ko shida a cikin mota, ga tirela a baya.

Sandar sitiyari takan yi magana kafin ta ba da kunya, in ana saurare. In kana juya kambu ya yi tafiya kafin taya ta amsa, a duba. In kana jin ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin ƙafarka lokacin shan kwana ko hawa kan gargada, a duba. In sitiyari yana yin tauri a wani wuri ya saki a wani, musamman bayan damina, galibi gaɓar ƙasa ce ta yi tsatsa. In ka sha kwana bai dawo tsakiya da kansa ba, ko kana ɗaga kambu sama da ƙasa yana motsi, a duba. In hon ya mutu kuma fitilar jakar iska ta kama a dashbod, wayar nan mai naɗi ce ta tsinke, maganinta canji; cire ƙwan fitilar ko rufe ta da baƙin salatif bai dawo da jakar ba. Motar da ta taɓa yin karo da gaba har jakar iska ta fashe, a duba sandarta ko ta riga ta naɗe, don sau ɗaya take yin wannan aikin. Sannan direba ya bar aƙalla tazarar inci 10 tsakanin ƙirjinsa da kambu. Masu matso da kujera har ciki na gogar sitiyari ba su bar wa sandar da jakar iska filin da za su yi aikinsu ba.

Mun san inda gizo ke saƙa, wato aljihu. Yawancin motocin hayar unguwar nan ba na masu tuƙa su ba ne. Direba yana da balas ɗin da zai kai kowace yamma ko kowane mako, ranar da mota ta kwana a gareji shi ne ba shi da na cefane. Mai mota kuma yana zaune a shago ko ofis, abin da yake ji kawai shi ne an sake zuwa da maganar kuɗi. Sai a haɗu a kan walda, don ita ce ba ta ɓata wa kowa rai a ranar. Muna roƙon iyayenmu masu motoci su dubi wannan da idon basira. Yaron da kuka ba makulli ɗan wani ne, wataƙila ma ɗan aminin da kuka taso tare a gida, kuma ƙirjinsa ne a saitin ƙarfen, ba naku ba. In ya zo ya ce, "Baba, an ce kolom ne," a ɗaga masa balas na kwana biyu, a ba shi kuɗin na Beljiyam mai kyau. In an je saye kuma a duba shi kansa na Beljiyam ɗin, don wani daga motar da ta yi haɗari aka ciro shi: a gwada tsawonsa da tsohon, a duba ba a taɓa masa wuta ba, a tabbata maɗaurinsa bai saki ba.

Kanikawa da masu walda kuwa namu ne, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, wasu a nan unguwar suke kwana su tafi Apo ko Kugbo da sassafe. Hannunsu ne ya sa motocin da Turawa suka yar shekara ashirin da suka wuce suke ciyar da gidaje a Abuja, wannan ba ƙaramar baiwa ba ce. Salansa, ƙofa, bamba, ƙafar kujera, a yi ta walda, Allah ya ƙara albarka. Amma mun san wani dattijon bakanike a nan wanda in ka kawo masa maganar ɗinke sandar sitiyari, sai ya ajiye sifana ya ce, "Ɗana, kai ta wani wurin, ni ba za a sa hannuna a wannan ba." Wasu suna cewa tsada gare shi, wasu su ce taurin kai. Irinsa muke so su yawaita. Abin zaro kambu ba wani kayan aiki ne mai tsadar gaske ba, ogan da ya saya ya koya wa yaransa amfani da shi ya rufe ƙofar da ɓarnar ke shigowa tun daga farko.

Akwai abin da za mu iya yi a matsayinmu na unguwa, ba sai mun jira VIO ko Rod Sefti ba. Ƙungiyar direbobinmu tana da adashi na biki da suna da rasuwa. A buɗe wani ɗan asusu na gyaran abubuwa uku da ba sa jira, birki da taya da sitiyari, wanda direba zai ranta ya biya a hankali ba tare da an kai shi ga zaɓar walda ba. Duk wanda zai sayi mota, 'yar Kwatano ce ko ta hannu, ya tafi da bakaniken da ya yarda da shi, kuma dubawar ta haɗa da ƙarƙashin dashbod, ba inji da giya kaɗai ba. Motocin da ke kwasar yaranmu zuwa boko da Islamiyya, waɗanda da yawansu ƙananan bas-bas ne irin waɗanda muka ambata, iyaye da shugabannin makarantu su sa a duba su kafin a koma hutu. Muna kuma roƙon Sarkin Hausawa da masu unguwanni su sa baki, don maganar da ta fito daga bakinsu ta fi tasiri a tasha fiye da takarda.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma duk cikinmu babu wanda ke kwanciya ya bar ƙofar gidansa a buɗe don ya yarda da ƙaddara, kuma babu wanda ke zuba ruwa a tankin mai ya ce in Allah ya so za ta tashi. Waɗanda suka ƙera sandar nan sun bar mata wurin da za ta karye don kada ƙirjin mutum ya karye. Abin da ya rage mana shi ne mu bar ta yadda aka yi ta, in ta gaji a canza, kada a ɗinke. Duk wanda ya karanta wannan, gobe da safe kafin ya tada mota ya durƙusa ya haska tocila ƙarƙashin sitiyarinsa, in ya ga tabon wuta a jikin sandar ya san inda zai fara zuwa. Wanda bai iya karatu ba, ɗan'uwansa ya gaya masa a majalisa ko a tasha.

Allah ya tsare mana hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da kowane direba gidansa lafiya.